Zazzaɓin da ya ƙi jin magani: yadda sababbin cututtuka ke tsallakowa daga dabbobi zuwa mutane

A watan Janairun 1969, wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya mai suna Laura Wine ta kwanta ciwo a asibitin mishan na garin Lassa, a kudancin Jihar Borno ta yau. An ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. An gwada wasu magungunan, jiki sai ƙara tsanani yake yi. Aka ɗauke ta a jirgi zuwa Jos, can ta cika. Ba a jima ba Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ita ma ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, sai da aka kai ta birnin New York kafin ta sha da ƙyar. Masana a Jami'ar Yale suka binciki jinin waɗannan mata, suka tarar da wata ƙwayar cuta da ba ta cikin littattafan likitanci, suka raɗa mata sunan garin da aka fara ganinta.

Zazzaɓin Lassa ɗaya ne daga cikin abin da likitoci ke kira sababbin cututtuka: waɗanda ba a san su a jikin ɗan Adam ba sai kwatsam suka ɓullo, ko waɗanda aka sani amma suka fara yaɗuwa inda da babu su. Jerin yana da tsawo. Ebola ta bayyana a 1976 a ƙauyen Yambuku na ƙasar Kwango. An gano ƙanjamau a 1981. A Fabrairun 2006 murar tsuntsaye mai tsanani ta fara taka ƙasar Afirka a wata gonar kaji da ke Jaji, Jihar Kaduna, kuma kafin watan ya ƙare ta isa Magarya a Jamhuriyar Nijar. A 2012 aka gano cutar numfashi ta MERS a Saudiyya, wadda raƙuma ke ɗauke da ita. Ƙyandar biri ta dawo Najeriya a 2017 ta Jihar Bayelsa, bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta ba. Sai korona, wadda ta taso daga Wuhan a ƙarshen 2019, ta sa aka rufe masallatai da kasuwanni, aka kuma taƙaita aikin Hajjin 2020. Masana sun ƙiyasta cewa uku cikin huɗu na irin waɗannan cututtuka daga jikin dabbobi suke fitowa.

Me ya sa suke da wuyar sha'ani?

Duk cututtukan da aka lissafa, ƙwayar bairos ce ke haddasa su. Ita wannan ƙwaya ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta kutsa cikin ƙwayar halittar mutum ko ta dabba, ta tilasta mata ta riƙa ƙera mata 'ya'ya dubbai. Shi ya sa kafso da alluran kashe bakteriya da ake saye a kyamis ba sa yi mata komai. Wajen wannan hayayyafa kuma akan samu 'yan kurakurai, jikanya ta fito ta ɗan bambanta da kakarta. Yawancin sauye-sauyen ba sa haifar da komai. Amma wata rana ɗaya daga cikinsu kan ba ƙwayar damar kama jikin da a da ba ta iya kamawa, kuma jikin mutanen da ba su taɓa haɗuwa da ita ba ba shi da garkuwar da zai tare ta.

Dabbar da ke ɗauke da ƙwayar sau da yawa lafiyarta ƙalau. Ɓeran da ke yaɗa Lassa, wani ƙaramin ɓera ne mai nonuwa da yawa da ke zama a gonaki da gidajen karkara, yana yawo da ita tsawon rayuwarsa, yana zubar da ita a fitsari da kashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu ne muke tsaga bangon. Muna sare daji muna matsawa cikin mazaunin namun dawa. Da rani muna cinna wa daji wuta, ɓeraye su gudo cikin gari, su tarar da rumbu da buhunan hatsi a jingine a ɗakin kwana. A bi hanyoyin Bauchi ko Taraba bayan kaka a ga shanyar rogo da masara da barkono a gefen kwalta, shimfiɗe a ƙasa babu tabarma, wasu ma kwana suke yi a nan. Da dare ɓera ya bi ta kai ya yi fitsari, da safe rana ta busar da shi, babu alamar da ido zai gani. Idan garin kwaki ne, ruwan sanyi kawai za a zuba masa a sha, bai ga wuta ba. Ba mamaki da cutar ta fi ƙamari daga Disamba zuwa Afrilu.

Makiyaya da mahauta ma suna bakin wannan iyaka. A 2016 zazzaɓin Rift Valley ya ɓarke a yankin Tawa na Nijar. Dabbobi suka riƙa ɓari suna mutuwa, mutanen da ke taɓa jininsu da mahaifarsu ko shan ɗanyar madara suka kamu, wasu suka rasa rayukansu.

Daga mutum ɗaya zuwa gari guda

Tsallakowar ƙwaya daga dabba zuwa mutum ɗaya ba ita ce annoba ba. Annoba tana farawa ne idan aka kasa gane mutumin farko. A nan ne babbar matsalarmu take, domin a wurinmu kowane zazzaɓi maleriya ne, idan ya ƙi sauka a ce taifot. Lassa kuwa da irin wannan fuska take zuwa: zafin jiki, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, amai. Mara lafiya zai yi mako yana zarya tsakanin kyamis da mai maganin gargajiya, ana sa masa ƙarin ruwa a gida. 'Yan dubiya na shiga suna fita, mai jinya na kwashe amai da hannu tsirara. Kafin fuska ta kumbura ko jini ya fara fita, lokaci ya ƙure. Maganin da ake amfani da shi, ribavirin, ya fi amfani idan an fara shi cikin kwana shida na farko, kuma har yanzu babu allurar rigakafin Lassa da aka amince da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 80 cikin 100 da suka kamu ba sa jin jiki sosai. Amma cikin waɗanda ciwon ya kai su gadon asibiti, kimanin 15 cikin 100 ke rasuwa, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke kan samu matsalar ji. Ga mace mai tsohon ciki abin ya fi muni, domin mafi yawan lokuta akan rasa ɗan, wani lokaci har da uwar. A 2020 kaɗai, hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta tabbatar da kamuwar mutum fiye da 1,100 a Najeriya, 244 suka rasu. A Janairun 2020 Kano ta yi rashin likitoci biyu, bayan sun yi wa wata mai juna biyu tiyata ba tare da an san tana ɗauke da cutar ba.

Duk da haka, an taɓa nuna cewa ana iya tare annoba tun daga bakin ƙofa. Ranar 20 ga Yulin 2014, wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya yana ɗauke da Ebola. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta yi zargin ba maleriya ba ce, ta kuma ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata. Jami'an da suka goge a yaƙi da shan inna suka bi sawun kusan mutum 900, suna auna zafin jikinsu kullum har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da likitar. Ranar 20 ga Oktoba aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar, alhali a Gini da Laberiya da Saliyo, kafin ta lafa, ta ci rayuka fiye da 11,000. A lokacin wannan annoba ne kuma jita-jitar wanka da shan ruwan gishiri ta karaɗe ƙasar nan cikin dare ɗaya, ta kwantar da mutane a asibiti, har wasu suka mutu, a garuruwan da Ebola ba ta ko leƙa ba.

Abin da ya rage gare mu

Wata sabuwar ƙwayar za ta sake ɓullowa, domin cuɗanyar mutum da dabba ƙaruwa take yi, jirgin sama kuma na kai mai ciwo wata nahiya cikin yini guda. Haƙƙin gwamnatocin jihohi ne su kusanto da ɗakunan gwaji, kada jini ya kwana yana tafiya a mota, su wadata ƙananan asibitoci da safar hannu da takunkumi da ruwan wanke hannu, su kuma sa likitocin dabbobi da na mutane su riƙa musayar labari. Kaji ko awaki da ke mutuwa jere gargaɗi ne, bai kamata a yi saurin yanka su a kai kasuwa ba. Limamai da masu unguwanni su faɗa wa jama'a cewa killace mara lafiya ba wulaƙanci ba ne, kuma barin jami'ai su yi wa wanda annoba ta kashe sutura ba ya rage masa daraja.

A gida kuwa, a zuba hatsi a mazubi mai murfi, a ɗaga shanya daga ƙasa, a toshe ramuka, a nisanta juji da ɗaki, a hana yara farautar ɓera da gafiya. Idan zazzaɓi ya kwana biyu zuwa uku ana shan maganin maleriya bai sauka ba, kada a koma kyamis neman wani. A tafi asibiti, a gaya wa likita gaskiyar inda aka je da abin da aka taɓa, ko a kira lambar NCDC ta kyauta, 6232. Wanda ya yi haka ya ceci kansa, ya kuma ceci mai jinyarsa da likitan da zai duba shi.