Wasannin hannu na bazara ga yara 'yan shekara 3 zuwa 6



Bazara ta shigo. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a nan yankin Maraɗi yakan haura digiri 40. Yayye suna makaranta, manya suna sharar gona ko layin ruwa, ƙanana kuwa suna gida suna bin iyaye mata da rigima. Wasu daga cikinsu a nan aka haife su, bayan mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina sun fara ƙetarowa a 2019. Wasu kuma a goye aka shigo da su, sun ji ƙarar bindiga, sun ga gudu. Mu da ke ofishin kare haƙƙin jama'a muna so mu bayyana muku yadda ɗan aikin hannu yake taimakon irin waɗannan yara, da abin da za a yi shi, da abin da za a kiyaye.

Me ya sa wasa yake da muhimmanci?

Yaro ɗan shekara huɗu bai da kalmomin da zai faɗi abin da ke damunsa. Da hannunsa yake faɗa. Idan yana murza yumɓu ko jera tsakuwa, hankalinsa yana kwanciya, yatsunsa kuma suna samun ƙarfin da zai riƙe alƙalami da allo nan gaba. Yana koyon ƙirga, da sunayen launuka, da haƙurin jiran ɗan'uwansa ya gama.

Wasa haƙƙin yaro ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambace shi a sashe na 31, haka ma ta ƙasashen Afirka ta 1990 a sashe na 12. A addini ma, hadisi ingantacce ya nuna Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta.

Abubuwa huɗu da ba sa bukatar kuɗi

*Yumɓu.* Yanzu tafkuna sun janye, yumɓu yana samuwa. Babba ne zai ɗebo, kada a aiki yaro bakin ruwa. A kwaɓa da ruwan ɗauraya don kada a taɓa na sha. A bai wa kowane yaro curi kamar na fura. Ɗan shekara uku zai mulmula ƙwallo ko ya murza dogo kamar igiya, kuma wannan ya isa. Ɗan shekara biyar zai iya gina tukunya, turmi, akuya ko rumbu. A shanya a inuwa, domin rana mai zafi tana fasa shi.

*Kara.* Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san motar kara da tabarau na kara. Ɓawon kara yana da kaifi, yana yanka yatsa, yana kuma sa sartse. Saboda haka babba ko yayan yaro ya ɓare, ya yayyanka totuwar, ƙaramin kuma ya harhaɗa. Kafin a zaro kara daga tari a bubbuga shi da sanda, don kunama da maciji suna fakewa a ciki lokacin zafi.

*Tsumma.* Tsohon zane ko ƙyallen da tela ya zubar ya isa a yi 'yar tsana. A wanke, a dunƙule kai, a ɗaure wuya da zare. Yarinya za ta goya ta, ta yi mata wanka, ta rarrashe ta. Ga maza a dunƙule tsumman ya zama ƙwallo. Idan namiji ya ɗauki 'yar tsana kada a yi masa dariya, ƙaninsa yake kwaikwayon reno.

*Zane.* A share ƙasa a inuwa, a bai wa yaro tsinke marar tsini. In akwai kwalin da aka kawo kaya a ciki, gawayi ya zama alƙalami, ruwan zoɓo ya ba da ja, farar ƙasa ta ba da fari. Yaro ya tsoma tafin hannu ya buga a kwali, a rubuta sunansa a ƙasa, a rataye a ɗaki. Yaron da ya bar duk kayansa a baya yana jin daɗin ganin wani abu da yake nasa.

Yaushe, kuma yaya?

Da hantsi kafin rana ta take, ko bayan la'asar. A zauna a inuwa, ruwan sha yana kusa. Rabin awa ya wadatar. Abin da ya fi amfani shi ne a riƙa yi kullum a lokaci ɗaya, domin yaron da rayuwarsa ta birkice yana samun natsuwa idan ya san abin da zai biyo baya. Maƙwabta uku ko huɗu za su iya yin karɓa-karɓa: yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan, sauran su samu damar zuwa ɗiban ruwa. Kakanni su suka fi kowa sanin waɗannan wasanni, a jawo su ciki. Kada a gyara wa yaro aikinsa. In ya ce raƙumi ya gina, to raƙumi ne. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu.

Abin da za a nesanta da yara

- 'Ya'yan idon zakara, zurma da cin-da-zugu. Suna da kyan gani, amma guba ne, ƙwaya kaɗan na iya kashe yaro.
- Tumfafiya. Farin ruwanta yana yi wa ido lahani.
- Tsofaffin batura, reza, allurar asibiti, da kwalabe ko buhunan maganin ƙwari.
- Leda, da ƙananan abubuwa irin su wake da duwatsun ado, musamman idan akwai mai rarrafe kusa. Suna shaƙe yaro, suna maƙalewa a hanci da kunne.
- Duk wani ƙarfe da ba a san shi ba. Kada a taɓa, a sanar da shugaban unguwa ko jami'an tsaro.

Haka kuma kada a tura ƙananan yara daji su kaɗai neman kara ko kaba.

Idan yaro ya gina bindiga ko babur fa?

Wannan ita ce tambayar da iyaye suka fi yi mana. Yara da dama suna gina babura da bindigogi, ko su zana gida yana cin wuta. Wannan ba alamar yaron zai lalace ba ce, abin da ya gani ne yake fitarwa. Kada a doke shi, kada a farfasa abin a gabansa. A zauna kusa da shi a ce: "Ba ni labarin wannan." In ya yi magana a saurara. In ya yi shiru a ƙyale shi. Daga baya a ce masa: "Yanzu kana tare da ni. Zo mu gina wa akuyar nan garke."

Amma ku zo ku same mu idan makonni sun wuce yaro yana maimaita wasan hari iri ɗaya cikin firgici, ko ya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya bari, ko yana farkawa da ihu kusan kowane dare, ko ya ƙi cin abinci. Akwai ma'aikatan da aka horar don wannan. Ganinsu kyauta ne, ba a biyan ko dala, kuma abin da kuka faɗa sirri ne. Akwai mai fassara da Hausa, mace kuma za ta iya neman ta yi magana da mace.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana zuri'a, ya kai mu damina lafiya.