Yadda Kwamfuta Ke Daidaita Madubin Hangen Nesa Idan An Sauya Matacin Haske

Darasinmu na yau a kan masu ɗaukar hoton taurari ne, da wata mas'ala da takan ɓata masu aikin dare guda cur idan ba su kula ba.

Mu fara da abin da kuka sani. Duk yaron da ya taɓa riƙe gilashin ƙara girman rubutu a rana ya san sai ya yi ta ɗaga shi yana saukewa kafin haske ya taru a ɗigo ɗaya ya ƙona takarda. Wannan ɗigo shi za mu kira mahaɗar haske. Madubin hangen nesa ma haka yake tara hasken tauraro, kuma wajibi ne kyamara ta zauna daidai kan mahaɗar. In ta goce, sai tauraro ya fito kamar an ɗiga tawada a jiƙaƙƙiyar takarda. A madubin da nisan mahaɗarsa ya ninka faɗin bakinsa sau 5, kuskuren da za a yafe bai wuce kamar maikiron 60 ba, wato kaurin gashin kai ƙwaya ɗaya. Maikiron 1,000 ne ke yin milimita 1.

To, ina mataci ya shigo? Da yawan masu wannan aiki kyamara mai ganin fari da baƙi kaɗai suke sa wa, domin ta fi kama haske. In ana son launi sai a gitta mata gilashin da ke tace haske kamar rariya: wani ja yake bari ya wuce, wani kore, wani shuɗi, wani kuma fari mai barin duka. Akwai kuma masu ƙuntataccen ido, kamar mai barin hasken iskar haidurojin kaɗai, mai tsawon zango nanomita 656. Ana jera su a faifai mai juyawa, a ɗauki hoto da kowanne, daga baya a haɗa su hoto ɗaya.

Sai dai da an juya faifan, mahaɗa takan gusa. Dalilai biyu ne.

Na farko, haske yana karkata idan ya shiga gilashi. Ibnu Sahal ya rubuta ƙa'idar wannan a Bagadaza wajen shekara ta 984, Ibnul Haisam ya faɗaɗa bayanin a Kitabul Manazir a Masar tsakanin 1011 da 1021. Sannan a 1666 Isaac Newton na Ingila ya gano cewa farin haske tarin launuka ne, kuma shuɗi ya fi ja karkata. Ke nan kowane launi da tasa mahaɗar. Tun zamanin John Dollond, a 1758, ake haɗa gilashi iri biyu don rage wannan aibi, amma ɗan saura ba ya rasuwa.

Na biyu, kaurin matacin kansa. Gilashi yana tura mahaɗa baya da kamar sulusin kaurinsa: mai milimita 3 ya tura ta milimita 1. In matatai biyu suka bambanta da milimita 0.1 kacal, an gusa maikiron 33, rabin abin da aka yafe ya tafi.

Da can da hannu ake murɗawa. Yanzu ana ɗaura ɗan inji mai tafiya taki-taki, manhaja irin su N.I.N.A. ko KStars tana ba shi umarni. Sai ta matsa kyamara, ta ɗauki hoto, ta auna girman taurari, ta sake matsawa, kamar sau 7 ko 9. Girman yana raguwa, sannan ya koma ƙaruwa. In aka zana shi sai ya ba da siffar lamba bakwai ta Larabci. Gindinta shi ne mahaɗa.

Amma wannan awo yana cin lokaci, musamman da ƙuntataccen mataci mai hana haske wucewa. Ku lissafa: sauyi 20 a dare, kowanne minti 3, awa guda ta salwanta, ga shi alfijir ba ya jiran kowa. A nan aka ari dabarar tela. Tela ba ya auna ka duk Salla, littafinsa yake buɗewa. Haka manhaja: ana auna kowane mataci tun farko, a zaɓi farin ya zama asali, a rubuta tazarar sauran daga gare shi. Misali, a ce fari ya tsaya a taki 5,000, ja a 5,030, shuɗi a 4,980. Sai a rubuta: ja ƙarin 30, shuɗi ragin 20. Daga nan duk sanda faifai ya juya daga ja zuwa shuɗi, inji ya koma baya taki 50 cikin daƙiƙoƙi, mai madubi kuwa yana barcinsa.

Dabarar tana da sharuɗɗa uku, ku kiyaye su.

Ɗaya, kada a dogara da awo guda. A maimaita sau 3 ko fiye, bayan madubi ya huce daidai da iskar waje, a ɗauki matsakaici. Kuskuren da ya shiga littafi kullum za a riƙa maimaita shi.

Biyu, haƙoran inji suna da ɗan sako-sako, kamar sitiyarin tsohuwar mota: in ya juya baya, takin farko a banza suke tafiya. Maganinsa, a sa shi ya zarce kaɗan ya dawo, kullum ya isa wurin ta fuska ɗaya.

Uku, sanyi. Bututun alminiyom mai tsawon mita 1 yana tsukewa maikiron 23 a kowane digiri ɗaya. Ku tuna daren hunturu: in zafi ya sauka digiri 5, an gusa maikiron 115, kusan ninki biyu na abin da aka yafe. Tazarar da aka rubuta ba ta maganin wannan. Don haka ake umartar manhaja ta sabunta awon asali da farin mataci duk sanda zafi ya sauya digiri 1 ko 2, sauran su bi shi. In kuwa aka sauya madubi ko mataci, awo ya koma sabo.

Ga aikin gida. Ku tsoma alƙalami a kofin gilashi mai ruwa, ku duba ta gefe, ku rubuto mini abin da kuka gani da dalilinsa. Sannan ku warware wannan: a misalinmu, in sanyi ya mai da farin mataci taki 4,960, ina ja zai tsaya, ina shuɗi? Iyaye kuma a ja wa yara kunne: ba a kallon rana ta cikin gilashin ƙara girma ko madubin hangen nesa, nan take yake ƙona ido.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.