Tarkon "Ina": Yadda Kalma Ɗaya Ke Cinye Wa Ɗalibai Maki A Turanci

Idan aka tambayi ɗalibi yadda zai ce "ina da biro biyu" da Turanci, sau da yawa amsar da ke fitowa ita ce "I am having two pens." A kunnenmu ba ta da laifi, don haka muke ji a kasuwa da cikin mota. Amma a takardar jarrabawa kuskure ce. Daidai shi ne "I have two pens."

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai da kiredit a Turanci ake samun gurbin karatu a jami'o'in Nijeriya, kuma duk mai rubuta JAMB sai ya amsa tambayoyin Turanci. A insha'in WAEC kuwa, abu huɗu ake dubawa: saƙon da ke ciki, tsari, iya sarrafa harshe, da kiyaye ƙa'idojin rubutu. Kuskuren nahawu yana rage maki, kuma idan ya yi ta maimaituwa, asarar ta taru.

Daga ina matsalar ta samo asali? Daga kalmar "ina" da 'yan uwanta: kana, kina, yana, tana, muna, suna. An koya mana cewa "ina karatu" shi ne "I am reading," sai muka ɗauka duk inda "ina" ta fito, "I am" da "-ing" ne za su biyo baya. Alhali a Hausa "ina" tana ɗaukar kaya iri-iri, Turanci kuwa ya raba wa kowane kaya motarsa.

Na farko, aikin da ake cikin yi yanzu. Nan ne "-ing" ke da gurbi. "Ina shara" shi ne "I am sweeping."

Na biyu, aikin da aka saba yi. "Ina zuwa Islamiyya kullum da yamma" ba ya nufin kana kan hanya yanzu. Don haka sai ka ce "I go to Islamiyya every evening." Da zarar ka ga kalmomi irin su "always," "usually" ko "every day," to ka yi hattara da "-ing."

Na uku, aikin da aka fara tun da, kuma har yanzu ana yi. "Ina karatu a makarantar nan tun 2022" ba a cewa "I am studying here since 2022." Ana cewa "I have been studying here since 2022." Ka kuma lura: "since" tana tafiya da lokacin da aka fara, "for" kuma da tsawon lokacin, kamar "for three years."

Na huɗu, wanda ya fi kama mutane, shi ne hali ko yanayin da mutum ke ciki ba tare da yana aikata komai ba: mallaka, so, sani, ji da gani. Kalmomi irin su "know," "want," "need," "like," "believe," "understand," "own" da "belong" ba su cika karɓar "-ing" ba. "Ina son ruwa" shi ne "I want water." "Ina jin ka" shi ne "I can hear you." Abin sha'awa, Hausa ma tana da irin wannan: "na sani" muke cewa, da "na gane," ko da yanzu muke nufi.

Sai dai wasu kalmomin fuska biyu gare su. "Have" idan tana nufin mallaka ba ta karɓar "-ing," amma idan tana nufin cin abinci tana karɓa: "We are having lunch." Haka "think": "I think you are right" ra'ayi ne, "I am thinking about the exam" kuma tunani ne da ake cikin yi. "The soup tastes good" daɗin miyar ake faɗa, "Mother is tasting the soup" kuwa Inna ce ke ɗanɗanawa.

Dabarar ita ce, kafin ka rubuta "-ing," ka tambayi kanka: idan wani ya leƙo ta taga yanzu, zai iya ganina ina yin wannan aikin? Zai ga kana shara, amma ba zai ga kana "mallakar" biro ba. Wannan gwajin ba ya kama komai, amma zai tsare ka daga mafi yawan kurakuran.

Ku gwada mayar da waɗannan zuwa Turanci, sannan ku kai wa malaminku ya duba: Ina da ƙanne uku. Muna buga ƙwallo duk ranar Asabar. Tana jiran ki tun safe. Ina jin warin hayaƙi.