Tsohuwar ƙaramar mota mai shan gazuwal a Garwa: inda ƙarfinta ke zubewa da yadda ake maido shi

Ranar 1 ga Fabrairun 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga kuɗin litar gazuwal daga sefa 575 zuwa 720. Bayan shekara guda, a Fabrairun 2024, ta sake ɗaga shi zuwa 828. Wato cikin watanni goma sha biyu an ƙara sefa 253 a kan kowace lita. Ga mai babbar mota ta ofis wannan lissafin akanta ne. Amma ga malamin makaranta, ko ɗan kasuwar da ke kai kaya Pitowa ranar kasuwa, ko magidancin da ke da tsohuwar Peugeot 205, 306, Golf ko Clio mai shan gazuwal, lissafin cefane ne.

A ɗauki tafiyar Garwa zuwa Marwa da dawowa, kimanin kilomita 420. Motar da ke shan lita 6 a kilomita 100 za ta ci wajen jaka 21 a farashin 828. Idan lafiyarta ta taɓu har ta koma shan lita 8, kuɗin ya kusa jaka 28. Jaka bakwai ke nan suka bi hayaƙi a tafiya ɗaya, kuma mai motar bai sani ba, sai dai ya ce "motar nan ta tsufa, ba ta ja kamar da."

Tsufa gaskiya ne, amma sau da yawa ba shi ne dalili ba.

Ka fara sanin wace iri ce a hannunka

Ƙananan motocin gazuwal da ke yawo a arewacin Kamaru, waɗanda galibinsu an gama cin moriyarsu a Turai kafin su sauka tashar jiragen ruwa ta Duwala, gida biyu ne.

Gida na farko su ne masu tsohon famfo, irin Peugeot 205 mai injin 1.8 da aka fara ƙerawa a 1983, da 306 mai 1.9, da Golf ta biyu mai 1.6. Babu kwamfuta a cikinsu. Famfon Bosch ko Lucas ne ke tura mai zuwa nozul, wanda ke buɗewa idan ƙarfin ya kai ba 130 ko makamancin haka. Ba su da gudu, 205 ɗin doki 60 ne kacal, amma suna da haƙuri, kuma duk bakaniken da ya san aikinsa zai kwance su a gindin bishiyar darbejiya ya mayar.

Gida na biyu su ne waɗanda suka fito daga ƙarshen shekarun 1990: HDi na Peugeot da Citroën daga 1998, dCi na Renault, D-4D na Toyota. A nan famfo yana matsa mai da ƙarfin da ya haura ba 1,300, kwamfuta ce kuma ke buɗe injekta. Sun fi ja, sun fi tsimin mai, amma ba sa yafiya. Ƙurar da tsohuwar 205 za ta haɗiye ta wuce, ita ce za ta kashe injektan HDi.

Wannan bambancin shi ne tushen komai. Shawarar da ta yi wa maƙwabcinka mai 205 amfani tana iya jefa ka cikin asara idan taka 206 HDi ce.

Mai: daga Limbe zuwa galan ɗin bakin titi

Tun da gobara ta ci matatar SONARA a Limbe ranar 31 ga Mayun 2019, tataccen mai Kamaru ke shigowa da shi daga waje. Kafin ya iso Garwa sai ya sha doguwar tafiya: jirgin ƙasa ko tanka zuwa Gawundare, sannan tanka ta gangaro da shi. Kowane juyi daga tanki zuwa tanki ƙofa ce ta ruwa da datti. Ga kuma zuwa-zuwa, man da ake tsallako da shi daga Najeriya ana sayarwa a jarka da kwalabe. Janye tallafin fetur da aka yi a Najeriya a Mayun 2023 ya rage armashin wannan kasuwa, amma ba ta mutu ba.

Abokan gaba uku ne a cikin gazuwal mara kyau. Na farko ruwa, wanda ke sa tsatsa a cikin famfo. Na biyu ƙura. Na uku kananzir. Da yake an bar litar kananzir a sefa 350 saboda talakawa, ratar da ke tsakaninsa da gazuwal ta isa ta jarabci marar tsoron Allah ya gauraya. Mota za ta tashi, za ta yi tafiya, amma gazuwal shi ne ke shafe cikin famfo da maiƙonsa, kananzir kuwa busasshe ne. Famfon yana cin kansa a hankali, ranar da zai tsaya ba ya sallama.

Akwai kuma batun sinadarin sulfa. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto kan yadda ake sayar wa ƙasashen Afirka gazuwal mai sulfa da ya ninka na Turai sau ɗaruruwa, alhali tun 2009 dokar Turai ba ta yarda ya wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Amfanin sanin wannan ga mai mota shi ne: sulfa tana saurin lalata baƙin mai. Don haka adadin kilomitan juye da aka rubuta a littafin motar don titunan Faransa ba naka ba ne. A ƙurar Garwa da zafinta, juye a kowane kilomita 5,000 tare da sabuwar filta ba almubazzaranci ba ne. Tsofaffin injuna 15W-40 na gazuwal ya ishe su. HDi da dCi kuwa a bi lambar da kamfani ya rubuta.

Abin da ya fi sauƙi kuma aka fi mantawa shi ne filtar gazuwal. A ƙasan yawancinsu akwai ɗan ƙusa na zubar da ruwan da ya taru. Kwance shi sau ɗaya a wata, musamman da damina, aikin minti biyar ne. Idan dole ta sa ka sayi na jarka a ƙauye, ka bar jarkar ta zauna, ka tace da tsumma mai tsabta, kada ka juye har gindi.

Iska: abin da hunturu ke yi wa inji

Injin gazuwal iska yake shaƙa ya matse ta har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. A tsofaffin Peugeot matsin ya kai 23 bisa 1. Idan iska ta ragu, mai ba ya ƙonewa duka, sai baƙin hayaƙi da kasala.

Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe gadar Binuwai, filtar iska tana toshewa cikin 'yan makonni. Abin da aka saba shi ne a kai wa mai faci ya hura ta da injin iska. Sau ɗaya ko biyu, daga ciki zuwa waje kuma a hankali, ba laifi. Amma yawan hurawa yana yaga takardar da ƙananan ramukan da ido ba ya gani, ƙura kuma ta wuce kai tsaye zuwa silinda ta zama sanfefa. Filta sabuwa ta fi ringi da fistin araha nesa ba kusa ba.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne hawan Gawundare. Garwa tana ƙasa, wajen mita 200 daga matakin teku, Gawundare kuwa ta haura mita 1,000. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 100 na hawa, saboda iska ta fi sirantaka a sama. Wato motar da ke lafiya lau za ta rasa kusan kashi ɗaya cikin goma a can, ta ƙara hayaƙi kaɗan. Wannan ba ciwo ba ne. A sauke giya a hau dutsen a hankali, kada a danne totur a giya babba ana kallon allurar zafi tana hawa.

Zafi: kuskuren da aka mayar al'ada

A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, kuma a nan ne injuna ke mutuwa. Kan injin waɗannan motoci, wanda bakanikenmu ke kira kilas wasu kuma top silinda, na alminiyom ne, galibi a kan gangar ƙarfe. Zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa shi ya ƙona gasket.

"Cire tamostat ɗin nan, na ƙasar sanyi ne." Babu garejin da ba a jin wannan maganar. Gaskiyar ita ce tamostat ba ya hana sanyaya inji, yana riƙe shi ne a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, sama da digiri 80. Injin gazuwal da ke aiki a sanyaye ya fi shan mai, ya fi tara baƙin toka, ya fi saurin cinyewa. Kuma idan mota tana zafi, cire tamostat ɓoye ciwon ne kawai. Ciwon na nan a lagireto da ya toshe, ko fanka da ba ta tashi, ko famfon ruwa da ya gaji.

Sai ruwan da ake zubawa. Ruwan rijiya da na famfo suna barin farar ƙasa a cikin siraran bututun lagireto kamar yadda suke yi wa butar shayi. Ruwan lagireto na kanti yana hana tsatsa, shi ne babban amfaninsa a ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba. Murfin lagireto ma ba ado ba ne: matsin da yake riƙewa shi ke sa ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Murfin da robarsa ta mutu yana mayar da shi 100. A Peugeot kuma, duk lokacin da aka juye ruwa sai an kwance ƙusoshin fitar da iska, in ba haka ba iska ta maƙale a kan injin, allura tana nuna lafiya alhali ciki yana dahuwa.

Bel ɗin da ba ya gargaɗi

Yawancin waɗannan injuna suna da bel mai haƙora da ke daidaita bawul da fistin, wanda wasu ke ce wa taimin bel, wasu kuruwar distiribisiyo. Idan ya tsinke inji na gudu, fistin zai daki bawul, kuma abin da zai biyo baya ya fi kuɗin bel sau da yawa. Yaris D-4D sarƙa take da ita, wannan ya sauƙaƙa wa mai ita.

Wanda ya sayi mota ta hannu kada ya yarda da lambar kilomita da ke kan allo, don ana juya ta baya. A canza bel nan take tare da tayoyin da ke ɗaure shi da famfon ruwa, a rubuta kwanan wata da kilomita a jikin murfin. Daga nan, a wannan zafin, shekara huɗu ko kilomita 60,000 iyaka ce mai hankali. A kasuwar kayan gyara, daga Kam Yabasi na Duwala har Ƙofar Ruwa ta Kano da abin da ke shigowa ta Mubi da Yola, na gaske da jabu kwalinsu ɗaya. A wurin bel dai araha ba ta ado.

"Ƙara mata wuta, maigida"

Idan mota ta yi kasala, akwai gajeriyar hanya da wasu bakanike ke bi: su juya ƙusan da ke bayan famfo don ya ƙara tura mai. Mai mota zai fita ya ji ta ɗan ƙara ja, ya yi murna. Amma injin da ba shi da turbo iskar da yake shaƙa ba ta ƙaru ba. Ƙarin man zai fita ne a baƙin hayaƙi, ya ƙara zafin kan inji, ya wanke maiƙon jikin silinda, ya gangara cikin baƙin mai. An sayi doki biyu ko uku da ran injin.

Hayaƙin da kansa yana faɗin inda ciwo yake. Baƙi, mai ya fi iska yawa: a duba filtar iska, nozul, ko famfon da aka taɓa. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa: ringi, robobin bawul ko turbo. Fari da safe wanda ke ɗaukewa bayan minti biyu, galibi bujin ɗumama ne suka mutu. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa, ga ruwan lagireto yana raguwa, gasket ne, kuma a tsaya.

Ƙarfin da ya ɓace ana maido shi ne ta hanyar mayar da inji yadda aka ƙera shi. A kai nozul wurin masu injin gwaji a ga ko suna feshi ko ɗiga suke yi. A duba saitin famfo da tazarar bawul. A bi siraran tiyon mai, domin tiyo ɗaya da zafi ya tsattsaga yana shigar da iska, mota ta ƙi tashi da safe, a ɗora wa batir da kik laifin da ba nasu ba. A masu HDi da dCi, bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji yana cika da toka, wankewa yake so, kuma a sa kwamfuta ta karanta matsalar kafin a fara sayen kaya da ka. Mai turbo ya bar inji ya huta minti ɗaya bayan doguwar tafiya kafin ya kashe.

Akwai ma ƙarfin da ba a inji yake ɓacewa ba. Taya mara isasshiyar iska, birki da ke kamawa, kuloci da ke sulɓi, da buhunan masara shida a motar da aka ƙera don mutum biyar da jakunkunansu, duk suna cin mai.

Damina da mayo

Daga Yuli zuwa Satumba, mayo da ke bushe duk rani yana cika cikin sa'a ɗaya. Bakin shaƙar iska na ƙananan motoci yana ƙasa, kusa da bamba. Ruwa ba ya matsuwa, kuma a injin da matsinsa ya kai 23 bisa 1, kofin shayi ɗaya ya isa ya lanƙwasa sandar fistin. Idan ruwa ya kai rabin taya, a jira ya janye. Idan kuma mota ta mutu a cikin ruwa, kada a sake murza makulli. A tura ta waje, a cire bujin ɗumama ko nozul, a fitar da ruwan tukuna.

Wanda kuɗinsa ba su isa a yi komai lokaci ɗaya ba, ga jerin da ya fi tsare aljihu: bel da famfon ruwa, sannan lagireto da tamostat da murfi, sannan filtoci uku da baƙin mai, sannan nozul. Fenti da rediyo su jira bayan girbi. A ajiye ɗan littafi a cikin mota, a rubuta lita da kilomita duk lokacin da aka sha mai. Ranar da lissafin ya tashi daga 6 zuwa 7, motar ta riga ta faɗa maka akwai magana, tun kafin ta ajiye ka da iyali a tsakanin Figil da Gidar da tsakar rana.