Saɓanin Mazhabobi Biyu Na Masu Rubuta Manhajar Kwamfuta

Ku sani, ya ku masu karatu, masu rubuta manhajar kwamfuta sun kasu mazhaba biyu, kuma asalin saɓaninsu mas'ala guda ce: shin mai ba da aiki ya san bukatarsa tun kafin ya ga abin da aka gina masa?

Mazhaba ta farko ta ce ya sani. Don haka sai a rubuta bukatunsa kaf, a sa hannu, a zana tsari, a gina, sa'an nan a jarraba. Ba a komawa baya, kamar ruwan da ya gangaro daga dutse. Ana jingina ta ga Winston Royce saboda maƙalarsa ta 1970, alhali kuwa a cikinta ya yi gargaɗi cewa bin wannan tsari sau ɗaya tak akwai haɗari, gara a yi aikin sau biyu. Almajirai suka haddace zanen, suka bar sharhin.

Ta biyu ta ce bai sani ba sai ya gani. A watan Fabrairu na 2001 mutum 17 suka taru a Snowbird ta ƙasar Amurka, suka fitar da sanarwar da ake kira Ajayil: a gina kaɗan, a nuna wa mai aiki, a gyara, a ƙara.

Hukumar bincike ta FBI ta ɗanɗana duka biyu. A 2005 ta watsar da manhajar tattara bayanan ƙararraki bayan an kashe wajen dala miliyan 170. Wadda ta gaje ta, Sentinel, ita ma ta cije, har a 2010 hukumar ta karɓi ragamar aikin daga ɗan kwangila, ta rage ma'aikata ƙwarai, ana nuna abin da aka gina kowane mako biyu. A 2012 aka soma amfani da ita.

Amma fa sauya mazhaba ba ya yiwuwa sai shugaba ya saki wani sashe na ikonsa, ya yarda bai san ƙarshen aiki ba. Ma'aji kuwa yana son farashi da ranar gamawa tun farko, kuma yana da hujja, domin dukiyar amana ce a hannunsa. Shi ya sa kamfanoni da yawa suka ɗauki taron safe na tsaye, suka sauya wa muƙamai suna, amma ranar gamawa har yanzu daga ofishin manaja take saukowa, ba a shawarci masu rubutun ba.