Kafin ku sayi gida, ku tambayi inda ruwa yake bi

Wani dattijo da muka sani a jihar Maraɗi ya yi shekara 9 yana tara kuɗin gida. Yana noman gero da aya, da rani kuma yana ɗan fataucin albasa. Da kuɗin suka kusa cika, sai ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya ƙara. Cikin watan Afrilu wani dillali ya kai shi wani gida a bakin gari. Ɗaki huɗu da zaure, an yi sabon yaɓe, ƙofofin ƙarfe sun sha shuɗin fenti. Ya ga gidan da hantsi, ya biya da la'asar. Cikin Agusta aka yi ruwan dare. Kafin asuba ruwa ya shigo ta zaure har gwiwa, hatsin da ke ɗaki ya jiƙe, bangon ɗakin uwargida ya zube. Allah ya kiyaye, an riga an fitar da yara. Da muka je yi masa jaje ya ce mana: "Malam, na ƙidaya ɗakuna, na ƙwanƙwasa kwano, na gwada kowace ƙofa. Abu ɗaya ban tambaya ba, shi ne inda ruwan unguwar yake bi."

Ƴan uwa masu karatu, yawancinmu sau ɗaya muke sayen gida a rayuwa. Wanda ya yi kuskuren sayen akuya yana iya mayar da ita kasuwa mako mai zuwa. Gida kuwa ba a kora shi kasuwa. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattauna yadda ake neman gida da yadda ake duba shi kafin kuɗi su bar aljihu.

Neman gida yana farawa daga baki. Ku sanar da dangi, da abokan sana'a, da mai unguwar da kuke so ku zauna. Dillalai ma suna da amfani, don sun san gidajen da ke kasuwa. Amma ku tuna dillali ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa, don haka kullum yana sauri. Idan ya ce muku akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe da safe, ku ce masa Allah ya ba Alhajin sa'a. Ku daidaita da shi a kan la'adarsa tun kafin ya nuna muku gida, kuma kada ku tsaya a gida ɗaya. Wanda ya ga gida biyar ya fi sanin farashin unguwa bisa ga wanda ya ga ɗaya.

Lokacin duba gida

A ganinmu babu lokacin da ya fi damina, musamman Agusta, kashegarin ruwa mai yawa. Ranar nan gida ba ya iya ɓoye komi. Kwanon da ke yoyo zai nuna kansa, tsakar gidan da ke riƙe ruwa za ta nuna kanta, hanyar da amalanke ba ya iya shiga ma za ku gan ta da idonku.

Tarihin garuruwanmu ya isa ya koya mana wannan. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin Gulbi yake. A 1945 ambaliya ta cinye shi, aka mayar da gari bisa tudu inda yake yanzu. A Yamai, cikin Satumba na 2020, ruwan kogin Isa ya kai tsawon mita 7, ya fasa shingen da aka yi masa, ya shiga Lamorde da wasu unguwannin bakin kogi. Daminar 2024 ta fi su muni: a faɗin ƙasar Nijar mutane kusan 400 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi suka yi hasara. Da yawa daga cikin mamatan gini ne ya faɗa musu. A ranar 3 ga Satumba na 2024 tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya yi fiye da shekara 150 a tsaye, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Garuruwa suna faɗaɗa, mutane suna gini a cikin fadamu da hanyoyin ƙorama inda kakanninmu suke shuka dawa kawai. Ruwa kuwa bai manta hanyarsa ba.

To, idan dole ce ta sa za ku duba gida da rani fa? Ƙasa tana da alamu ga mai lura. Ku tsaya a bakin ƙofa ku dubi hanya. Idan hanya ta fi tsakar gida tudu, ruwan hanya baƙonku ne kowace shekara. Ku nemi rariyar da ruwan tsakar gida yake fita, ku bi ta ku ga inda take zubawa. Wata rariyar cikin gidan maƙwabci take zubawa, wannan kuwa rigima ce kuka saya. Kada ku dubi bangon gidan da ake sayarwa kaɗai, don mai sayarwa ya riga ya yaɓe shi. Ku dubi bangayen maƙwabta. Ruwan da ya kwanta yana barin zane a jikin bango, kamar zanen da fura take bari a ƙwarya. Idan kuka ga maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofarsu da siminti, ko sun jera tsofaffin buhunan yashi a gindin katanga, ba ado suka yi ba. Ƙasa mai laka da ta tsattsage, da ledoji da karare da suka maƙale a gindin danga duk ta gefe ɗaya, su ma shaida ne.

Ku zagaya bayan gida ku ga ko akwai kududdufi, irin ramin da aka haƙa ƙasar tubali. Kududdufi yana cin gindin katanga a hankali, yara suna faɗawa ciki, kuma gonar sauro ne. Ƙwan sauro yana zama sauro mai cizo cikin kwana 10 ko ƙasa da haka. Gidan da ke bakin kududdufi, kuɗin da kuka rage wajen saye za ku kai su gidan likita wajen maganin zazzaɓin cizon sauro.

Cikin gida

Ku je da rana tsaka, kada ku je da magariba. Ku tafi da magini wanda kuka yarda da shi, ba wanda mai gida ya kawo ba. Ku tafi da uwargida kuma. Wannan magana wasu maza ba sa son jin ta, amma ita ce za ta wuni a gidan. Ita za ta lura madafa tana fuskantar iska ko hayaƙi zai cika ɗaki, ita za ta san ko akwai inuwar daka da wurin shanya.

Ku fara daga gindin bango. Bangon ƙasa daga ƙasa yake mutuwa. Ku danna shi da yatsa ko da makulli. Idan yana zuba kamar gari, ko yana da fari-fari kamar kanwa, danshi yana hawansa daga ƙarƙashi. Ku ƙwanƙwasa sabon yaɓe. Inda ya yi ƙara kamar ganga, yaɓen ya rabu da bango, wataƙila kuma tsaga aka rufe. Ƙananan tsaga kamar gashi a jikin yaɓe ba abin tsoro ba ne. Wadda ake tsoro ita ce tsagar da ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga ta yi gicciye, ko wadda yatsa yake shiga. Wannan tana nuna harsashin gini ya motsa.

Sa'an nan ku ɗaga kai. A ɗakin soro ku soki azara da wuƙa, musamman inda ta shiga bango. Gara tana cinye cikin itace ta bar bayansa lafiya lau. Ku nemi siraran hanyoyinta na ƙasa a jikin bango. Ku hau bisa ku ga indararo, ko yana jefa ruwa nesa ko yana zubar da shi a gindin gini. A ɗakin kwano ku rufe ƙofa da taga, ku dubi sama. Duk inda haske ya shigo, ruwa ma zai shigo. Ku duba yadda aka ɗaure kwanon da bango, don iskar farkon damina ba ta wasa da rufin da aka ɗora wa duwatsu kawai.

Ɗakin da ba shi da taga, ko mai ƴar taga ɗaya kamar ta kurciya, ku sa kuɗin fasa taga cikin lissafinku. Sanƙarau da tarin fuka sun fi saurin yaɗuwa inda mutane da yawa suke kwana cikin ɗakin da iska ba ta ratsawa.

Salga da rijiya su ne abin da masu saye suka fi jin kunyar dubawa, alhali su ne lafiyar gida. Ku shiga makewayi. Ku ga ko ramin ya kusa cika, ko bakinsa yana zaizayewa. Idan akwai rijiya, ku auna tsakaninta da salga da ƙafarku. Ma'aikatan kiwon lafiya suna son a sami mita 30, wato kamar taki 40 na babban mutum, kuma salga ta kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Kada ku manta da salgar maƙwabci da ke bayan katanga, don ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa ba ta san iyakar gida ba. Mutanen Madarunfa ba su manta da amai da zawo na 2018 ba.

Ruwan sha kuma, ku tambaya da watan Afrilu da Mayu a zuciyarku. Ganin famfo a tsakar gida ba shi ne samun ruwa ba. Mutanen Damagaram sun fi kowa sanin haka, don garinsu bisa dutse yake zaune, daga nesa ake jawo masa ruwa. Ku tambayi matan unguwa sau nawa ruwa yake zuwa a mako, da ƙarfe nawa, kuma nawa ƴan garuwa suke sayar da jarka idan zafi ya yi tsanani. Ku nemi takardar kuɗin ruwa da ta NIGELEC ta watan ƙarshe, kada ku gaji bashin wani. Mai dabbobi ya duba wurin turke, ya kasance nesa da ɗakin kwana da rijiya.

Bayan wannan ku koma unguwar ku kaɗai, ba tare da dillali ba. Ku yi salla a masallacinsu, ku zauna wurin mai shayi, ku gaida tsofaffi. Tambaya uku ta isa: gidan wane ne tun asali, me ya sa ake sayar da shi, ina ruwa ya tsaya a 2024.

Wa yake da gidan?

Gida yana iya zama bisa tudu, gininsa lafiya, amma mai sayarwa ba shi da ikon sayar da shi. An fi samun wannan a gidan gado. Ɗa ɗaya ya sayar, bayan shekara biyu ƙanensa ya dawo daga Libiya ko Abijan ya ce bai sani ba, mata magada kuma ba a ko tambaye su ba. Idan gidan gado ne, ku nemi takardar gidan shari'a da ta lissafa magada, da takardar taron dangi da ta nuna wanda suka wakilta ya sayar.

A cikin gari, inda aka yanka filaye, takardar da ma'aikatar magajin gari take bayarwa tana da suna da Faransanci a samanta: ACTE DE CESSION. Tana ɗauke da sunan mai fili, da lambar rukunin filaye, da ta filin kansa, da faɗinsa. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce TITRE FONCIER, ta ma'aikatar da ke rajistar filaye. Tun 2006 aka fito da hanya mai sauƙi ta samun ta, wadda aka sa wa suna Sheda. A ƙauye kuma, dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye. Akwai na gari, da na kwamin, da na gunduma. A gari mai gari ne shugaban hukumar, kuma ana ba da takardar shaidar saye.

Kada ku yarda da hoton takarda, ku ce sai ta asali. Ku gwada sunan da ke ciki da na katin ɗan ƙasa na mai sayarwa, harafi da harafi. Sa'an nan ku ɗauki lambar ku je ma'aikatar da ta ba da takardar, a buɗe muku littafi. A nan ake gane filin da aka sayar wa mutum biyu. A nan kuma za ku ji ko gidan ya ci hanya, ko yana cikin filin da aka keɓe don makaranta ko kasuwa, ko bisa burtalin dabbobi. Irin wannan gida, ran da hukuma ta tashi rushe shi, takardar dillali ba ta tsare shi.

Ranar biya, a yi a gaban shaidu na ɓangare biyu da mai unguwa ko mai gari. Wanda yake da hali ya je wurin noter. A rubuta kuɗin da lamba, a kuma rubuta su da kalmomi. Ku yi hattara a nan, don bakinmu da dala yake lissafi, takarda kuwa da tamma. Wanda ya ce dala dubu ɗari yana nufin jika 500, a takarda kuma 500.000 za a rubuta, ba 100.000 ba. Idan za ku ba da kafin alƙalami, shi ma a rubuta shi, tare da ranar cika sauran da ranar karɓar makulli. Ku karanta da kanku kafin ku sa hannu. Abin da aka rubuta da Faransanci, ku sa naku mutum ya fassara muku. Bayan ciniki kada ku ajiye takardar cikin akwati da sunan tsohon mai gida. Ku koma ma'aikata a juya ta zuwa sunanku.

Dattijon da muka ba ku labarinsa ya sake tayar da bangon da ya faɗi, ya yi masa gindi da siminti. Duk da haka kowane Agusta yana kwashe iyalinsa zuwa gidan ƙanensa. Bana ya yanke shawarar sayar da gidan. Dillalin da ya kira ya ce masa ya sake yaɓe, ya jira watan Afrilu.