FENTI BIYU MASU KAMA DA JUNA: WANNE YA DACE DA ƊAKINKA?

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Wannan magana ta dace da wasu launuka biyu na fenti da masu gidaje a Amurka suka daɗe suna muhawara a kansu, wato Hale Navy na kamfanin Benjamin Moore, da kuma Naval na kamfanin Sherwin-Williams, wanda kamfanin ya zaɓa a matsayin launin shekarar 2020. Dukansu shuɗi ne mai duhu, kusan irin na turkuɗi, kuma in an gan su a takardar samfur da wuya a bambanta su.

To, ina bambancin yake? Masu fenti suna da ma'auni daga 0 zuwa 100 wanda ke nuna yawan hasken da bango ke mayarwa cikin ɗaki. Hale Navy yana wajen 8, shi kuwa Naval 4 ne kacal. Wato ke nan na farkon yana mayar da kusan ninki biyu na hasken da na biyun ke mayarwa. Har ila yau, Hale Navy yana da ɗan sirkin ruwan toka wanda ke sanyaya shi, alhali shuɗin Naval ya fi tsantsa da ƙarfi.

Saboda haka a falo mai manyan tagogi, Naval yakan fito da kyansa sosai, musamman kusa da farar ƙofa. Amma a ƙuryar ɗaki mai ƙaramar taga, da magariba ta yi sai ya koma tamkar baƙi. A irin wannan wuri Hale Navy ya fi rangwame.

Wajibi ne mai gida ya yi tunani tun kafin ya biya kuɗi, domin rufe fenti mai duhu da fari yakan ci shafi da yawa. Ga kuma ƙurar hunturu wadda ba ta ɓuya a bango mai duhu, kuma in fentin mai sheƙi ne, duk wata gargadar filasta sai ta bayyana.

Shawara a nan ita ce a shafa kowanne sau biyu a jikin faifan katako, a jingina a bangon, a duba da safe, da rana, da kuma dare a hasken fitila. Wanda ya yi kyau a waɗannan lokuta uku, shi ne na ɗakinka.